Yadda ake bin haƙƙin barci a Bauchi, daga ƙofar maƙwabci har gaban hukuma

Duk wanda ya taɓa yin bazara a cikin garin Bauchi ya san yadda dare yake daga Maris zuwa Mayu. Ɗaki ba ya kwantuwa. Sai a fito da tabarma tsakar gida, a wangale tagogi, a jira iskar asuba. A daidai lokacin ne kuma maƙwabci ke tayar da janareta don fankarsa ta juya, gidan kallon ƙwallo na bayan layi ya ƙure lasifika, gidan biki kuma mai kiɗa ya ce sai gari ya waye. Da safe yaro ya tafi makaranta yana gyangyaɗi, mai Keke Napep ya hau titi ido jajir, tsohuwa mai hawan jini ta tashi kanta na sarawa.

Abin ya taɓa cin gidanmu. Wani bawan Allah ya kafa injin niƙa jikin katangar ɗakin mahaifiyata, yana tayar da shi tun ana fitowa sallar asuba. Na yi wata biyu ina haɗiyewa, rannan na fita cikin fushi na faɗa masa magana a gaban masu kawo niƙa. Wannan fitar ta ƙara mana wata uku na wahala, domin daga ranar maganar ta tashi daga ta inji ta koma ta mutunci. Abin da zan jero a nan shi ne tsarin da ya kamata in bi tun farko.

Mataki na farko: ka san abin da doka ta ba ka

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka hayaniya al'amarin haƙuri ne kawai, babu ruwan hukuma. Ba haka ba ne. A 2007 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ƙara. Yadda suke aiki a Legas da Abuja haka suke aiki a Yelwa da Jahun da Fadaman Mada.

Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa takan kai kimanin 30, hirar mutum biyu kimanin 60. Ƙa'idojin sun raba yini gida biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6 na safe. A unguwar da gidajen zama ne zalla, iyakar ita ce 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da 'yan shaguna da wuraren nishaɗi, 55 da rana, 45 da dare. Inda ake zaune tare da kasuwanci da ƙananan sana'o'in inji, irin abin da kake gani a layukan da ke kewaye da Wunti ko Muda Lawal, 60 da rana, 50 da dare. Asibiti da manyan makarantu da ɗakin karatu su ne aka fi tsananta wa: 45 da rana, 35 da dare.

Kada ƙanƙantar tazarar lambobin ta ruɗe ka. Wannan ma'auni ba kamar mudu yake ba. Ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar an ninka ƙarar sau biyu, don haka tsakanin 45 da 65 akwai nisan gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barci mai daɗi yana son ƙarar cikin ɗaki kada ta wuce 30. Wanda kuma yake yini cikin ƙarar da ta kai 85, awa takwas kullum, jinsa yana raguwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba, domin yaron da ke tsaye kan injin niƙa shi ne farkon wanda abin ke cutarwa.

Dokar da ta kafa NESREA, yadda aka fara fitar da ita a 2007, ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba ga mutum, da ƙarin naira 5,000 a kowace rana in bai daina ba. Kamfani kuwa har naira 500,000. A matakin jiha akwai BASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Bauchi. A ƙaramar hukuma akwai ma'aikatan duba-gari, kuma tsarin mulkin 1999 ya sa kula da shaguna da rumfuna da gidajen abinci cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar laifuffuka ta Final Kod ita ma ta san laifin damun jama'a.

Ka san duk wannan, amma ka ajiye shi a aljihu. Wanda ya fara sallama da ambaton tara da ɗauri ya rufe ƙofar da bai ko ƙwanƙwasa ba.

Mataki na biyu: ka tara shaida ta mako biyu

Sami ƙaramin littafi. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, lokacin da ƙarar ta fara, lokacin da ta tsaya, daga ina take, da abin da ta jawo: jariri ya farka sau uku, yarinya mai shirin WAEC ta kasa karatu, Inna ba ta runtsa ba. “Kullum yana damunmu” magana ce da kowa zai iya musawa. “Ranar Talata ya tayar ƙarfe 11:20 na dare, bai kashe ba sai 4:10” ba ta musuwa da sauƙi.

Sauke manhajar auna sauti a wayarka, akwai su kyauta. Ka auna a cikin ɗakin da ake kwana, taga a yadda kuka saba barinta, sannan ka auna a jikin katanga ta ɓangarenka. Ka kuma auna a daren da babu ƙarar, don a ga bambanci. Waya ba ta kai na'urar ma'aikatan hukuma daidaito ba, ta kan yi sama ko ƙasa da 'yan lambobi, amma in tana nuna 68 a inda doka ta ce 45, kowa ya ga akwai magana. Ɗauki gajeren bidiyo na fuskar wayar ko agogon bango tare da ƙarar. In akwai marar lafiya a gidan, ka adana katin asibitinsa.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka leƙa gidan mutum ko ka ɗauki hoton iyalinsa, sai ka koma kai ne mai laifi. Kada kuma ka sa bidiyon a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa. Magana zarar bunu ce, wanda aka kunyata a bainar jama'a ba ya saurin sassautowa.

Cikin makon biyun nan ka tuntuɓi gida biyu ko uku na kusa, a hankali, ka ji ko su ma abin na damunsu. Sau da yawa kowa na cizon yatsa a ɗakinsa yana jiran wani ya fara.

Mataki na uku: ka shirya abin da za ka roƙa

A nan yawancinmu muke faɗuwa. Mukan je mu ce “ka daina”, alhali injin nan ko gidan kallon nan da shi mutum ke ciyar da iyalinsa. Ba zai daina ba, kuma ba adalci ba ne a ce ya daina. Abin da zai iya yi shi za ka kai masa, kuma ya zama ƙayyadadde.

In janareta ne, nisa shi ne magani mafi arha. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara ƙara kan ragu da kimanin desibel 6. Janaretan da ke taku biyu daga tagarka, in aka mai da shi taku takwas, za ka ji bambanci a daren farko. A juya bakin salansa ya daina kallon tagarka. A ɗora shi kan tsohuwar taya ko roba mai kauri maimakon siminti tsirara, domin wani ɓangare na abin da ke hana ka barci girgiza ce da ke bi ta ƙasa da katanga. In salansar ta fashe, makaniki zai gyara ta da kuɗi kaɗan. Ana iya yi masa 'yar katangar bulo ta ɓangarenku, a bar sama da gefe ɗaya a buɗe don iska.

Zan tsaya a nan in ja kunne da babbar murya. Kada maganar rage ƙara ta sa wani ya shigar da janareta ɗaki, ko zaure a rufe, ko lungun da ke jikin tagar kwana. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci, kuma a ƙasar nan an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun tafi ta wannan hanya. In zaɓin ya zama tsakanin ƙara da wannan, a bar shi a waje ya yi ta ƙara.

In injin niƙa ko markaɗe ne, roƙonka na lokaci ne da na wuri: kada a tayar kafin ƙarfe 7 na safe, a kashe bayan isha'i, a janye shi daga jikin katangar kwana, a ɗaure kusoshin da suka saki, a duba bel. Masu walda da masu buga tukwane su ma lokaci ne maganarsu. Gidan kallon ƙwallo kuwa ka yi masa adalci: manyan wasannin Turai na dare sukan fara ƙarfe 8 ko 9 agogonmu, su ƙare kusan 10 ko 11, don haka cewa a rufe ƙarfe 9 daidai yake da cewa a rufe sana'ar. Ka roƙi a shigar da lasifikar ciki, a juya ta ga 'yan kallo, a kashe da zarar an tashi wasa, kuma mai gidan ya hana yara tsayawa musu a ƙofa har tsakar dare. Sau da yawa ihun bayan wasa ya fi wasan kansa damun mutane.

In kana da hali, ka shirya ɗaukar wani ɓangare na kuɗin gyaran. Bulo ashirin da buhun siminti sun fi zaryar kotu sauƙi.

Mataki na huɗu: ka je da ƙafarka

Ba a zuwa lokacin da ƙarar ke tashi, ba a zuwa gaban kwastomominsa ko yaransa. Bayan la'asar, ko a hanyar dawowa daga masallaci, ko ka yi masa sallama a gida. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali da kasuwa. In ya girme ka, ka rage tsawo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ga irin abin da nake nufi: “Alhaji, wata alfarma na zo nema. Ɗakin Inna ne ke jikin katangar nan, kuma ka san jikin nata sai a hankali. In inji ya tashi da asuba ba ta iya komawa barci. Ko zai yiwu a riƙa jinkirtawa zuwa ƙarfe bakwai? In kuma za a matsa da shi can gefen, ni zan kawo bulon.”

Ka lura, babu “ka hana mu”, babu doka, babu waya a hannu. Akwai mutumin da ake tausayawa, akwai roƙo guda, akwai abin da kai ma za ka bayar. In ya musa cewa ƙarar na kaiwa gidanku, gayyace shi ya shigo ɗakin ya ji da kunnensa yayin da yaronsa ya tayar. Mutane da yawa ba su taɓa jin injinsu daga ɗayan ɓangaren katanga ba.

In ɗan haya ne kai ko shi, a sanar da mai gidan hayar. In mace ce abin ke damu kuma mai abin namiji ne, ta bi ta wajen mai gidanta ko yayanta, ko ta shiga wajen matar gidan. Sau tari saƙon da ya bi ta cikin gida ya fi saurin isa. Ka ba shi mako guda, ka ci gaba da rubutu a littafinka.

Maganar lasifikar masallaci da ta coci tana son kulawa ta daban, musamman a gari irin namu da akwai unguwannin da Musulmi da Kirista ke zaune katanga ɗaya. Shawarata, mai ƙorafi ya fito daga cikin masu ibada a wurin. Musulmi ya je wa kwamitin masallacinsa, Kirista ya je wa dattawan cocinsa. In kai ba na ciki ba ne, nemi dattijon da ke ciki ya kai maganar, kada abin lasifika ya rikiɗe ya zama na addini. Ga masallaci, roƙon da aka fi karɓa shi ne a bar kiran sallah a lasifikar waje, karatu da wa'azin dare da tahajjud kuma a mai da su ta ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne wajen malamai. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji sahabbai na ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna da ɗaga murya. Ka ce, “Allah gafarta Malam, tunatarwa na kawo,” ka bar shi ya ƙarasa da iliminsa.

Mataki na biyar: mai unguwa

In mako ya wuce babu canji, ku je wajen mai unguwa ku biyu ko uku, da littafinka. “Ranka ya daɗe, mun yi magana da shi ranar kaza, ga abin da muka roƙa, ga abin da ya biyo baya.” Ka nuna sulhu kake nema. Zai kira ɓangarorin biyu, watakila da liman ko wani dattijo.

Abu guda kada ka bari ya wuce: a rubuta abin da aka amince. Takarda ɗaya ta isa, da lokutan tayarwa da kashewa, da ranar da za a gama gyara, da sa hannun kowa da na shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafi. Sulhun baki yakan yi mako uku ya narke. In ya fi ƙarfin mai unguwa, shi da kansa zai miƙa ku gaba wajen dagaci ko hakimi, kuma zuwa ta hannunsa ya fi ka tsallake shi.

Mataki na shida: takarda zuwa hukuma

Yanzu ne za ka fito da abin da ke aljihu. Ƙa'idojin 2009 sun ba kowa damar kai koke a rubuce. Fara da sashen duba-gari na sakatariyar ƙaramar hukuma in ƙaramar sana'a ce, BASEPA in abin ya fi girma, kamar gidan biki na haya, otal, gidan burodi ko masana'anta. Kana iya aika kwafi ga NESREA.

Takardar kada ta wuce shafi guda. Sunanka da unguwa da lambar waya, wurin da ƙarar ke fitowa da kwatance mai kyau, tun yaushe, a waɗanne sa'o'i, abin da wayarka ta auna, matakan sulhun da aka bi da ranakunsu, sai abin da kuke nema: a zo a auna, a sa shi ya bi ƙa'ida. Maƙwabta su sa hannu. Haɗa da kwafin shafukan littafinka da takardar mai unguwa. Ban da zagi, ban da zargin abin da ba ka da shaidarsa.

Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, ka tambayi sunan ofishin da takardar za ta je. Ka gaya musu sa'ar da ƙarar ke tashi, domin in suka zo ƙarfe 11 na safe alhali janaretan dare ne matsalar, za su tarar da shiru su rubuta shiru. Bayan mako biyu ka koma bibiya da kwafinka. In an yi ta yi maka jeka-ka-dawo, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya tana da ofis a kowace jiha, aikinta ke nan bin kadin wanda ma'aikata ta yi wa shiru, kuma kyauta ne.

Bikin dare ɗaya ba ya jiran takarda. Wannan na uban biki ne da mai unguwa, in ya ƙi ji kuma abin ya kai tsakar dare, a kira ofishin 'yan sanda na yanki, ko Hisba in tsakanin Musulmi ne. Kada ka je da kanka ka cire waya ko ka taɓa kayan mai kiɗa, kada ka tura samari. Daga nan ake samun rauni, a wayi gari ana maganar wani laifin daban. Ya fi kyau ma unguwa ta zauna tun babu biki a gaba ta tsayar da sa'ar tashi, yadda dokar za ta hau kan ɗan kowa.

Mataki na bakwai: kotu

Ita ce ta ƙarshe, kuma kafin ka taka ta ka ga lauya. Ana iya kai ƙarar damun jama'a gaban majistare, ana iya zuwa kotun shari'a a kan cutar da maƙwabci, ana iya neman babbar kotu ta ba da umarnin dakatarwa ko biyan diyya. Littafinka, takardar sulhun da aka karya, da kwafin koken mai hatimi su ne jarinka a can. Ka shiga da sanin cewa za a ɗauki lokaci, kuma bayan hukunci za ku ci gaba da haɗuwa a layi ɗaya da jana'iza ɗaya.

Namu bai kai nan ba. A zauren mai unguwa aka tsaya, bayan na fara da ba shi haƙuri kan abin da na faɗa masa a gaban mutane. Aka rubuta ƙarfe 7 na safe zuwa sallar isha'i. Aka janye injin zuwa ɗaya kusurwar filin, na sayi bulo, shi ya biya magini. Wayata da ke nuna sama da 70 a ɗakin Inna ta koma nuna hamsin da 'yan kai. Yaron da ke kan injin kuma na kai masa abin toshe kunne na roba, irin wanda ake samu wajen masu sayar da kayan aikin gini, yana sawa in zai tayar.